Ina ɓacewa idan kiɗa ya juya daga 7/8 zuwa 4/4

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Ni mai ganga ne a Jos, muna atisaye a Tudun Wada duk Asabar. Kiɗan rok muke koyo mai sauya awo: zagaye uku a 7/8 (ƙananan bugu bakwai a kowane zagaye), sai ya koma 4/4 (manyan bugu huɗu, wato ƙanana takwas). Bakwai ɗin ya zauna min, ina ƙirga biyu-biyu-uku. Wajen juyawar ne matsala. Muna shiga huɗu sai ƙafata da ke buga babbar ganga ta riga mai jitar bas da rabin bugu, kiɗan ya watse. A gida, da metironom (na'urar da ke riƙe saurin bugu) a bugu 60 a minti ɗaya, lafiya lau nake. Wata biyu ke nan, abin ya dame ni ƙwarai. Shin in riƙa ƙirga ƙananan bugu takwas a 4/4, ko in bi kunne? Don Allah ku taimaka.