Muhawara: Sai an karance Littafi Mai Tsarki kowace shekara ake kusantar Allah?

Fasto Ishaku: 'Yan'uwa, ina nan a kan bakana: mai bi da ke son zumunci na gaske da Ubangiji, ya karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa zuwa Wahayi kowace shekara. Littattafai 66 ne, surori 1,189. Sura uku kullum, biyar ran Lahadi, 23 ke nan a mako, kafin shekara ta ƙare ka gama. Yaya za ka ce ka san Allah alhali kashi uku cikin huɗu na maganarsa ba ka taɓa buɗewa ba?

Malama Rifkatu: Baba Fasto, lissafin daidai ne, amma mu dubi inda yake karyewa. Farawa sura 50, Fitowa 40. Ƙarshen Janairu mutum ya cinye su, sai ya faɗa Littafin Firistoci: hadayar ƙonawa, kitsen da ke kan ƙoda, yadda firist zai duba tabo a fata. Nan ƙwazo ke mutuwa. Ya tsallake mako ɗaya, bashin sura 23 ya hau kansa. Daga nan karatun ya koma biyan bashi, ido na gudu a kan takarda, zuciya na wani wuri, addu'a kuma ita ce ta farko da ake yankewa don a cim ma jadawali. Ai Yesu ya faɗa wa masana Nassi a Yahaya 5:39-40 cewa suna ta nazarin Littattafai, amma sun ƙi zuwa wurinsa.

Dattijo Bitrus: Malama, laifin tsarin ne, ba na karancewar ba. Ba dole a bi a miƙe ba. Robert Murray M'Cheyne na Sikotilan ya tsara jadawali a 1842, wurare huɗu a rana daga sassa dabam-dabam, Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Ranar da kake cikin dokokin hadaya, akwai wani sashen da zai riƙe ka. Kuma a haɗa Firistoci 16 da Ibraniyawa 9, a ga ko ba zai buɗe ba.

Ɗan'uwa Haruna: Baba Dattijo, sura ma ba ma'auni ba ce. Zabura 117 aya biyu ce, Zabura 119 aya 176. Marubutan ba su raba surori ba, a ƙarni na 13 aka yi wannan, ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila. Ga abin da ya fi gina zumunci a ganina. A ɗauki ɗan sashe, misali Markus 4:35-41, aya bakwai. A karanta da murya sau biyu, a hankali. A tsaya a kan abin da ya kama zuciya, kamar Yesu yana barci a kan matashi a ƙarshen jirgi, ruwa na cika shi. A mai da wannan addu'a da kalmomin kai: "Ubangiji, ga abin da ke ba ni tsoro, kamar ka yi shiru." A yi tsit minti biyar, waya a wani ɗaki. Sannan a rubuta abu ɗaya tak da za a aikata kafin dare, ko neman gafarar wani ne. Minti ashirin ya isa.

Fasto Ishaku: Ɗana, wa ke zaɓar sashen? Mutum da kansa, kuma mai daɗin zai zaɓa. Shekara goma yana zagaye tsakanin Zabura 23 da Filibiyawa 4:13. Dubi Irmiya 29:11 da kowa ke so, inda Allah ya yi alkawarin shirin alheri da bege. Ga 'yan bauta a Babila aka rubuta ta, aya ta 10 kuwa ta ce sai shekara saba'in ta cika. Wanda bai karanta surar duka ba zai ɗauka alkawarin gobe da safe ne, in bai gani ba ya ce Allah ya yashe shi.

Ɗan'uwa Haruna: Wannan kam na yarda, Baba. Maganinsa a bi littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba tsallake. Markus sura 16 ne, wata biyu zai ɗauka.

Malama Rifkatu: Kalmar "sai" ce ta dame ni tun farko. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba fa? Ana karanta mata, ta haddace, ta yi ta juya aya ɗaya a ranta yini guda. Zabura 1:2 tunani dare da rana ta ambata, ba yawan surori ba.

Fasto Ishaku: To, na janye "kowace shekara", ban janye "duka" ba. A yi shi cikin shekara uku: sura ɗaya a rana, da ƙarin ɗaya kowane kwana goma ko makamancin haka. Mai saurare ma ya saurari duka.

Dattijo Bitrus: In an tsallake rana kuma, kada a rama. A ci gaba daga inda alamar take.