Kiɗan shirye-shiryen aljanu da fatalwa: wane albam za a nema?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Albam ɗin kiɗan shirin talabijin ɗin Supernatural na 2010 da ke hannun masu turi, me ya sa babu waƙar nan da ake buɗe kashin ƙarshe na zango da ita? Ko kwafin ne bai cika ba?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Kwafin ya cika, ƙanena, ƙofar ce ka ɓata. Kiɗan irin wanga shiri kashi biyu ne. Akwai wanda anka tsara musamman don shirin, ake shimfiɗa shi ƙarƙashin magana. Akwai kuma waƙoƙin mutane da anka biya kuɗi anka aro. Albam ɗin 2010, na zango 1 zuwa 5, aikin Christopher Lennertz da Jay Gruska ne, wato kashi na farko. Wadda kake nema, Carry On Wayward Son, ta ƙungiyar Kansas ce, tana cikin albam ɗinsu Leftoverture na 1976. Can za ka same ta. Kafin ka kashe data, duba bangon: in sunan mutum ɗaya ko biyu ne a kan duk jerin, kiɗan shimfiɗa ne. In kowane layi da mai shi, waƙoƙin aro ne.

Hadiza: Ƙari a kan na Malam. Ko cikin shirin kansa ba lallai ka ji waƙar da kake tsammani ba. A zango na 1, wasu waƙoƙin da aka ji a talabijin da faifan DVD an musanya su a kwafin da ake kallo ta intanet, saboda izinin da aka saya tun farko bai haɗa da intanet ba. Shi ya sa mutum biyu za su yi ta musu a kan waƙar wani kashi, alhali kowa gaskiyarsa yake faɗi.

Nasiru: To Anti, in kiɗan shimfiɗar ne, da wanne zan fara?

Hadiza: Twin Peaks, babu ja. Angelo Badalamenti ne ya tsara shi, 1990, guda 11 ne, kusan minti 50. Uku a ciki Julee Cruise ce ta rera, sauran zallar kiɗa. Taken shirin ya ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 1991. Abin da ya sa na sa shi gaba: yawancin kiɗan tsoro in ka raba shi da hoto sai ya zama ƙara kawai, ƙiii sai dum. Wannan kuwa yana tsayuwa da ƙafarsa. Ba ya razana ka, sanyin jiki yake sa ka, kamar ka shiga gidan da aka daɗe da tashi.

Kabiru: Ni Stranger Things zan ba shi. Kyle Dixon da Michael Stein suka tsara, Volume One da Volume Two, duka sun fito a Agustan 2016, na farko guda 36, na biyu 39. Yawancinsu gajeru ne, wasu ba su kai minti biyu ba. Sai dai a kula, akwai wani na 2017 mai waƙoƙin aro na shekarun 1980, sunan shiri ɗaya, ciki daban. Waƙar Kate Bush da ta sake tashe a 2022 saboda shirin ma tun 1985 take, ba su suka tsara ta ba.

Malam Bello: Kabiru, naka na da kyau, amma ba a wayar da ba ta da iyafis ba. Rabin daɗinsa amon ƙasa ne. Lasifikar waya da ƙananan na Bluetooth ba su iya fiddo abin da ke ƙasa da wajen 100 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirancin amo ne), to bugun nan mai kama da bugun zuciya sai ya ɓace, a bar ka da tsiwa-tsiwar sama. Kuma yawancin ƙananan lasifikar baki ɗaya gare su, suna haɗe dama da hagu, sautin da anka tsara ya riƙa kewaya kanka sai ya tsaya wuri guda. Hedifon mai rufe kunne, ko da mai araha ne, ya fi.

Kabiru: Gaskiya ne. A kuma kunna gapless a manhajar da ake saurare, wato kada ta sa shiru tsakanin guda da guda. A kashe shuffle, wato mai kunna su a gauraye. An jera su ne da manufa.

Alhaji Sani: Bari in sa baki a maganar nauyin fayil, don nan ake cutuwa. Lissafin mai sauƙi ne. MP3 na 128 (kbps, wato ma'aunin ingancin sautin fayil) yana cin kusan MB 1 a minti, na 320 yana cin 2.4. Ke nan albam mai minti 50 zai zo MB 48 ko MB 120. FLAC, fayil ɗin da ba a rage masa inganci ba, ya kan kai MB 250 zuwa 350. In an tura maka Twin Peaks gaba ɗaya a MB 20, an matse shi har ya fita hayyacinsa. Matsewa ta fi ɓata wurin da sauti ke dusashewa a hankali, ka ji kamar ana wasa da ruwa a kwano, kuma irin wannan kiɗa rabinsa dusashewa ne. Na biyu, wanda aka ciro daga bidiyon YouTube aka mayar 320 bai zama 320 ba. Buhu aka ƙara wa girma, geron mudu ɗaya ne. A kwamfuta akwai manhajar Spek mai nuna hoton sauti, kyauta ce: buɗe fayil ɗin, in ka ga saman hoton ya yanke ƙat a wajen 16 kHz, asalinsa ƙarami ne.

Hadiza: In za a tura wa juna a WhatsApp kuma, a tura a matsayin document. Kada a kunna a lasifika a naɗa da saƙon murya, don Allah.

Nasiru: Akwai na Koriya? Gidanmu shi ake kallo.

Maryam: Goblin, na tashar tvN, ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017, kashi 16. Tsarin 'yan Koriya daban ne: suna sakin waƙoƙin ɗaya-ɗaya yayin da shirin ke tafiya, Part 1, Part 2, haka, sai an gama a haɗa su. Stay With Me ta Chanyeol da Punch ita ce Part 1. Matsalar, in ka tara su ɗaya-ɗaya kowace za ta zo da tagwayenta marar murya, kuma wayarka za ta nuna albam goma sha wani abu maimakon ɗaya. Nemi haɗaɗɗen, shi ke ɗauke da kiɗan shimfiɗar. In ka riga ka tara, manhajar Mp3tag za ta gyara: zaɓe su duka, ba su sunan albam ɗaya, sa lamba 01, 02, ba 1, 2 ba, in ba haka ba ta 10 za ta haye gaban ta 2.

Malam Bello: Ba a ambaci X-Files ba, kuma nan ma akwai tarko. Biyu sunka fito a 1996. The Truth and the Light na Mark Snow ne, amma an ɗora maganganun 'yan wasa bisa kiɗan, mai son zallar kiɗa zai ji haushi. Ya nemi na kamfanin La-La Land, faifai huɗu, 2011. Ɗayan, Songs in the Key of X, na mawaƙa ne daban-daban, kuma an ɓoye guda biyu kafin lamba 1. A na'urar CD sai ka danne maɓallin komawa baya daga farkon ta ɗaya. Yawancin kwafin da anka juye ba su da su, don ba kowace kwamfuta ke karanta wurin ba.

Kabiru: Sai Les Revenants na Faransa, aikin ƙungiyar Mogwai, 2013. Tun ba a ɗauki shirin ba suka fara tsara shi, daga rubutun labari. Na dare ne, bayan an ɗauke wuta gari ya yi tsit.

Maryam: Ni abin da ke ba ni mamaki, da garaya da goge a hannunmu, amma masu shirin aljanu na gida sai su ɗauko ƙarar kwamfuta irin ta kowa.

Alhaji Sani: Wannan zance ne na wata rana, 'yata. Gargaɗi biyu kafin in tashi. Mai sha'awar faifan garmaho, da yake an buga Twin Peaks da Stranger Things a kansa, ya tuna zafin Afrilu a Sakkwato yana haura 40. A jera su tsaye, cikin ɗaki mai inuwa, kada a bar su a mota ko na awa ɗaya, lanƙwashewa suke yi kuma da wuya su miƙe. Sannan in kana jin zzz a lasifika wurin da kiɗa ya yi laushi, kafin ka zargi fayil cire wayar daga caji. In ya ɗauke, caja ce ko inbata.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Memori na GB 8 zai ɗauke su duka?

Alhaji Sani: Zai ɗauke su, har da saura mai yawa, don a 320, GB 1 na ɗaukar wajen awa bakwai. Ka dai gwada katin tun a shago: cika shi da bidiyo, cire, mayar, ka buɗe na ƙarshen da ka zuba. Na jabu yana nuna GB 8, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ba ya buɗuwa.