Kwastoma a Jamus na neman CE, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗinka 'yar tsana ta yadi, to wata mai shago a Jamus ta ga hotuna tana son guda 200 amma tace sai da tambarin CE (alamar cika ƙa'idar Turai) a jiki in ba haka ba kwastam za su iya riƙe kayan, shi ne wani ejan yace in biya shi zai kawo min satifiket cikin kwana biyu ba sai an gwada komai ba. In biya ne ko yaya?

Wani Alhaji: Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki soma. CE fa ba takarda ba ce da ake siya, ke da kika ɗinka ke za ki sa hannu cewa kayanki sun cika ƙa'idar Tarayyar Turai, gobe in yaro ya haɗiye wani abu sunanki za a nema, ejan ya daɗe da kashe waya. Ƙa'idar kayan wasa sunanta EN 71, kashi na 1 ƙarfin ɗinki da ƙananan abubuwa, na 2 kamun wuta, na 3 sinadarai irin su dalma a cikin rini ko fenti.

Wata Anti: Ni na sha wannan wahalar wlh. Idon roba na sa wa nawa, a lab (ɗakin gwaji) suka kama shi da na'ura suka ja sai ga shi fit ya fita, shikenan an faɗi, na sake biyan gwaji. Tsana mai laushi ana ɗaukarta kayan 'yan ƙasa da shekara 3 ne ko kin rubuta ko baki rubuta ba, don haka ƙanwata ki yi idon da zare kawai ki huta. Kuma ki rage kaloli, kowane kalar yadi gwajinsa daban kuɗinsa daban.

Wani mamba: Ƙari, dole sunan wani da ke cikin Turai da adireshinsa ya fito tare da kayan, mai shagon ce tunda ita ke shigo da su. Takardun gwajin da wadda kika sa wa hannu ki adana shekara 10. In kuma watarana Amurka ce CE ba ta aiki can, sai lab ɗin da hukumar CPSC (mai sa ido kan ingancin kaya a Amurka) ta amince da shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ejan dai na fasa. Anti audugar ciki ita ma tura musu zan yi ko yadin kaɗai?

Wata Anti: Tsanar gaba ɗaya za ki tura, har zaren.