Dodgers da kofi na uku a jere: abin da magoya baya suka tsayar

Da magoya bayan Los Angeles Dodgers suka baje hira kan kakar besbol ta 2026, kusan kowa ya yarda ƙarfin ƙungiyar na hannun masu jefa ƙwallo na farko. Yoshinobu Yamamoto, wanda aka zaɓa gwarzon gasar World Series (wasannin ƙarshe na neman kofin besbol na Amurka) ta 2025 bayan Dodgers sun doke Toronto Blue Jays a wasa na bakwai suka ci kofi na biyu a jere, shi ne ginshiƙi. Ga kuma Blake Snell da Tyler Glasnow, sai Shohei Ohtani da ke jifa yana kuma bugu.

Shawarar da ta fi yawa ita ce koci Dave Roberts ya riƙa lallaɓa waɗannan hannaye. Wasa 162 a kaka ɗaya ba wasa ba ne, kuma Snell da Glasnow sun sha jinya. Gara a rasa 'yan wasanni a Yuni da a shiga Oktoba, lokacin zagayen ƙarshe na neman kofi, da gurgun hannu. Ni ma nan na tsaya.

Inda aka yi ta ja-in-ja shi ne masu karɓar jifa a ƙarshen wasa, waɗanda suka zubar da nasarori da dama a 2025 har sai da aka ɗauko Roki Sasaki ya riƙa rufe wasa a zagayen ƙarshe. Wasu na son ya ci gaba a can, wasu a mayar da shi cikin masu farawa.

An kuma taɓo shekarun manyan masu bugun ƙungiyar: Freddie Freeman haihuwar 1989 ne, Mookie Betts 1992, don haka a ba matasa dama tun da wuri. Rabon da wata ƙungiya ta ci kofin World Series sau uku a jere tun New York Yankees, daga 1998 zuwa 2000.