Neman kalmar Hausa: me za mu kira "undo", kuma ina iyakar "soke"?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Abin da ya tayar da wannan magana ƙarami ne. Ina koya wa wani ƙanena buga takarda a kwamfuta, sai hannunsa ya zame ya share sakin layi guda da ya kwashe kusan rabin awa yana bugawa da yatsa ɗaya, ya dafe kai ya yi salati. Na danna Ctrl da Z, wato abin da ake kira "undo" da Turanci, rubutun ya dawo daram kamar ba a taɓa shi ba. Ya ce, "Yaya, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na ce masa soke, sai ya janye hannunsa daga madannai, domin a kunnensa soke na nufin aikin ya tafi ke nan. A nan na gane cewa amsar da na ba shi ba daidai ba ce.

Turanci yana da hanya mai arha ta juya ma'ana: a liƙa "un" ko "de" a gaban kalma, a sami kishiyarta. Hausa ba ta bi ta nan ba, kuma ban ɗauki hakan a matsayin naƙasu ba, domin kowace sana'a a wurinmu ta tanadi kalmarta ta mayar da aiki baya. Mai kitso tana tsefewa, tela yana farke ɗinki, magini yana rushewa, wanda ya ɗaure akuya yana kwance ta, wanda ya naɗa rawani kuma yana warware shi. Hatta a fiƙihu, mijin da ya yi saki ɗaya ko biyu ya mayar da matarsa kafin idda ta cika, kome ya yi, kuma babu malamin da zai ce ya soke saki.

Duk da wannan yalwa, a labarai da fassarar manhajoji mun ɗora wa soke kayan da ya fi ƙarfinta. Ku dubi abubuwa uku da kowa ya sani. A ranar 23 ga Yuni 1993 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawar da zaɓen 12 ga Yuni, wanda Moshood Abiola da Bashir Tofa suka fafata a cikinsa. Turawa suka ce "annul", mu muka ce soke, kuma a nan kalmar ta zauna daidai, tun da an ɗauki zaɓen kamar ba a yi shi ba. A ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta kawar da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar kujerar gwamnan Kano, abin da ake kira "overturn" ko "set aside", kuma ga wannan ina ganin rushe hukunci ko jingine shi ya fi dacewa, domin wata kotu ce ta sama ta ture ginin ta ƙasa. A watan Mayu na shekarar kuma majalisar dokokin Kano ta kawar da dokar 2019 da ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Wannan shi ne "repeal", kuma ya bambanta da na farko, domin dokar ta yi aiki na kusan shekara biyar kafin a ɗauke ta. Masu ilimin addini suna da kalma a hannu, wato shafewa, kamar yadda ake bayanin nasikhi da mansukhi: hukuncin baya ya yi zamaninsa, na baya-bayan nan ya maye gurbinsa. Da a ce 'yan jarida za su riƙa cewa an shafe doka, da mai sauraro ya san ba zaɓe aka soke ba.

Sauran ba su da wahala. Wanda ya ɗauke maganarsa ko takararsa janyewa ya yi. Idan ana son a nuna cewa abin da kunya, akwai lashe amai da mi'ara koma baya, amma waɗannan suna ɗauke da zargi, bai kamata a sa su a labarin da ake son a tsaya tsakiya ba. Direbobi kuwa sun riga sun yanke nasu: ribas ta zauna a tasha, kuma ban ga dalilin tayar da ita ba.

Na dawo kan "undo". An ba ni shawarar fasa, na kuma juya ta sosai, amma fasa tana zuwa ne kafin aiki ya auku: mutum yana fasa tafiya, ba ya fasa tafiyar da ya riga ya yi. Saboda haka wurinta shi ne maɓallin "cancel". Goge da share kuma su ne ainihin abin da ya firgita ƙanena. Koma baya ta riga ta zama sunan kibiyar da ke mayar da mutum shafin da ya baro, kuma ita ba ta canza komai a cikin aiki.

Kalmar da na tsaya a kanta ita ce warware. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufka igiyar rama ya ga yadda yake murza zare biyu a kan cinyarsa, kuma idan wani wuri ya yi kauri ko ya karkace, sai ya warware daidai wannan gaɓar, zaren ya koma yadda yake, bai tsinke ba, bai ragu ba, ya ci gaba daga nan. Abin da maɓallin yake yi ke nan: yana kwance aiki na ƙarshe, idan aka sake dannawa ya kwance wanda ke bayansa, gaɓa bayan gaɓa.

Wani malamin makaranta ya yi mini gyara cewa warware tana nufin samo bakin zaren matsala, tana kuma nufin samun sauƙi bayan jinya, don haka za ta iya rikita mai koyo. Gyaran yana da ƙarfi, sai dai dukkan ma'anonin biyu daga tushe guda suke, wato kwance abin da ya ɗaure, kuma babu ɗayansu da zai sa mutum ya ji tsoron danna maɓalli.

Inda ban gama gamsuwa ba shi ne abokin tafiyarta, "redo", wato maɓallin da ke dawo da aikin da aka warware. Da yake bakinmu ya saba da tufka da warwara, zuciyata ta so a ce sake tufkawa, amma na gwada ta a kan mutum uku, duka sai da na yi musu bayani. Maimaita kuma tana sa a zaci aikin zai ninku. A yanzu na rubuta warware da maido a takardar da nake koya wa ƙanena da ita, kuma ina roƙon mutanen Sakkwato da Damagaram da Zazzau su faɗa mana ko maido ta zauna a kunnensu, ko kuwa akwai wadda masaƙa da masu tufka na wajensu suke faɗa da ta fi ta.