Ruwan Sikari a Idon Yaro: Wa Aka Kira Jahili?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Wallahi yau raina a ɓace yake. Ciwon apolo ya kama Khalifa, ido ya yi jajir, da safe kwantsa ta liƙe shi ruf. Na tafi aiki na bar shi wurin kakarsa, kafin in dawo an jiƙa sikari an ɗiga masa, maƙwabciya kuma ta tatsa masa nono a ciki, wai da haka aka raini kowa. Yanzu ido ya kumbura, ko hasken taga ba ya iya kallo. Likita ya ce baƙin idon ya fara gyambo, da mun ƙara jinkiri sai dai hakiya. Don Allah jama'a a daina zuba tarkace a ido. Wannan jahilcin ne yake makantar mana da yara.

Hajiya Babba: Allah ya ba shi lafiya. Amma 'yar nan, uwar mijinki kike kira jahila a bainar jama'a?

Maman Khalifa: Hajiya, ban ambaci kowa ba. Aikin na ce jahilci ne.

Hajiya Babba: To aikin da kansa ya yi kansa? Matar da ta haifi mijinki, ta raine shi har ya kai munzalin aurenki da idanunsa biyu garau. 'Ya'ya tara na haifa, duk wanda ido ya dama nono na ɗiga masa, ba wanda ake ja wa gora a cikinsu.

Baban Sadiq: Gaskiya kalmar ta yi nauyi. Ko kuskure ne, kuskure za a ce. Jahili shi ne wanda bai san Allah ba, tsohuwar da take tashi sallar dare ba jahila ba ce.

Ummi: Kawu, ai mutum zai iya sanin addini ya jahilci ido. Ni ma jahilar gyaran mota ce, ba zagi ba ne.

Baban Sadiq: Ki je ki faɗa wa kakarki haka ki gani ko zagi ne.

Anti Nas: Ku tsaya mu koma kan yaron. Apolo ƙwayar bairos ce ke kawo shi, yawanci yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa duk abin da aka ɗiga sai a ce shi ya yi magani, alhali lokacin warkewar ne ya zo. Matsalar tana zuwa ne in abin da aka zuba ya shigar da wata ƙwayar, ko ya ƙone fatar baƙin ido. Na ga wanda aka sa wa ruwan batir, asid ne zalla. Na ga na lemun tsami da na ruwan albasa. Mafi muni fitsari: in mai fitsarin yana da ciwon sanyi irin na saduwa, ƙwayar tana iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Abin da ake yi a gida kaɗan ne. A tafasa ruwa ya huce, a sa auduga mai tsabta a goge kwantsa daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. A wanke hannu da sabulu, a ware masa tawul da matashi, a hana shi murza ido. In akwai zafi mai tsanani, ko gani ya ragu, ko ba ya son haske, ko an ga farin ɗigo a baƙin ido, asibiti nan take. Jaririn da bai kai wata ba kuwa, in ido yana fitar da mugunya, ko kwana ɗaya kada a ƙara. Haka yaron da yake baƙon dauro ya rufe ido.

Hajiya Babba: Kin ji ta ce "na ga". Mu ma ai mun gani. Ganin naku ne ilimi, namu jahilci.

Malam na Masallaci: Ni abin da nake tsoro, daga sikari za a gangaro kan kwalli. Kwalli sunna ne. Hadisi ya zo a kan ismid, wato wani nau'in kwalli, cewa yana ƙara hasken gani kuma yana tsirar da gashin ido. Duk wanda ya sa wannan a jerin jahilci ya binciki imaninsa.

Maman Khalifa: Malam, a ina na ambaci kwalli? Ku duba sama ku karanta.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, ba wanda ya taɓa hadisi. Amma wanda ake sayarwa a kasuwa ba lallai ismid ba ne, da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, da aka gwada tozalin da ake sa masa sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Sannan mucciyar kwalli ɗaya a zaga da ita gida guda lokacin apolo, ai rarraba ciwon ake yi.

Malam na Masallaci: Ni na kawo hadisi, ke kin kawo Amurka. Jama'a su yi alƙalanci.

Ummi: Malam, ba haka ta ce ba fa!

Ɗan Zango: Ina gaida kowa daga Kumasi. Ku da kuke ta apolo apolo, a nan Gana aka fara ganinsa a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Dattawanmu a zango har yau suna ba da labarin shekarar.

Baban Sadiq: To kun ji. Su suka jajibo ciwon, su kuma suke sayar mana da maganin.

Ɗan Zango: A'a Baba, lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Ba daga wata ya sauko ba.

Baban Sadiq: Kai kana can lokacin? An haife ka ma?

Ɗan Zango: Ku dai mutanen Kano komai sai kun fi kowa sani.

Baban Sadiq: Wanda Hausarsa ta sha ruwan Asante ne zai koya mini magana?

Maman Iman: Ni dai tambayata ɗaya. Yaro yana ciwon ido, uwa ta sa takalmi ta tafi ofis. Da kina gida wa zai ɗiga masa sikari? Tsohuwa ta ga jikanta yana kuka, ta yi abin da ta sani, sakayyarta a kira ta jahila.

Maman Khalifa: Maman Iman, ki ji tsoron Allah. Albashin nan da shi aka biya kuɗin katin asibiti da maganin da yake sha yanzu. Kuma na bar saƙo cewa kada a sa masa komai sai na dawo.

Maman Iman: Saƙo kike bar wa uwar miji? Lallai zamani.

Ummi: Duk lokacin da aka yi maganar yara sai kin kawo aikin mata. Wancan karon ma a kan kuɗin makaranta haka kika yi.

Maman Iman: Ke yarinya, ki bari ki yi aure tukuna.

Alhaji Mai Kemis: Ku bar wannan faɗan. Talaka bai ƙi asibiti don yana son sikari ba. Ka bi layi tun asuba, ka biya kati, a rubuta maka abin da kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunka. Mu a shago muna da maganin ɗigawa, kwana biyu ja ya ɓace.

Anti Nas: Alhaji, wanne? In mai sitiroyid ne irin su dexamethasone, shi ne ya fi ba ni tsoro. Yana ɗauke ja, mutum ya zaci ya warke, gyambon kuma yana ci ta ƙasa. In aka daɗe ana ɗigawa yana kawo hawan jinin ido da yanar ido. Ba a sa shi sai likitan ido ya duba. Ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga asibitin ido na Makka shi ma a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin gwamnati ma suna da sashen ido.

Alhaji Mai Kemis: Wato yanzu ni ma na shiga sahun jahilan ke nan. Shekara nawa ina wannan sana'a kafin ki shiga makarantar jinya?

Hajiya Babba: Ka gani ko, Alhaji? Kalma ɗaya ta haɗa mu duka, ni da kai da Malam.

Maman Khalifa: Ni ɗana yana kwance da bandeji a ido, tun ɗazu mutum ɗaya ce ta yi masa addu'a.

Baban Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Amma ki janye kalmar.

Maman Khalifa: Ba zan janye ba, Kawu. Idon ɗana ne.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, na karanta komai. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Maman Khalifa ta yi wa manya rashin ladabi, kuma ya kamata ta je ta ba uwar mijinta haƙuri tun kafin magana ta kai kunnen maigidanta. Malam ya tabbatar mana kwalli sunna ne, ba wanda ya iya kawo hujjar da ta ture wannan. Hajiya ta ba da shaidar 'ya'ya tara a kan nono, shaidar uwa kuwa ba abin wasa ba ce. Anti Nas ta kawo nata bayanin na asibiti, wanda yake so ya bi, sai dai fitsari da ruwan batir dama ba al'adarmu ba ce, ban ga dalilin kawo su nan ba. Ɗan Zango da Baban Sadiq ku sasanta ta waya. Daga yau duk wanda ya sake rubuta kalmar jahilci a nan zan cire shi na mako guda. Masu kuɗin gyaran kwalbati da ba su biya ba, ranar Juma'a za a rufe karɓa.