Wai sai da cin hanci aka iya gina layin dogon Amurka?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu wani ya ce Amurka ma da sata aka gina ta, don haka a ƙyale wanda ya ci kuɗin aiki muddin aikin ya tsaya. Na fara yarda da shi. Ku duba layin dogon da ya haɗe gabas da yamma a 1869. Union Pacific, ɗaya daga kamfanonin da suka gina shi, ta raba wa 'yan majalisar dokoki hannun jari, amma dai jirgi ya bi layi. Da ba a shafa musu mai a baki ba, da babu layin.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Auwalu, lissafin shekarun bai ba ka gaskiya ba. Tun 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar gina layin, gwamnati ta ba da filaye da rance: dala 16,000 kowane mil a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 48,000 a cikin duwatsu. Rabon da kake faɗa sai wajen 1867 zuwa 1868 aka yi shi, aiki ya riga ya yi nisa. Kuma hannun jarin kamfanin kwangila Crédit Mobilier ne, ba na Union Pacific ba. Oakes Ames, ɗan majalisa daga Massachusetts, ya sayar wa abokan aikinsa a kan araha don kada a binciki kuɗin. Toshiyar baki ce, ba ta sayi ƙusa ko ɗaya ba.

Hajiya Binta: Malam, bari in ƙara masa bayanin kamfanin, don a nan ɓarnar take. Thomas Durant, mataimakin shugaban Union Pacific, shi da abokansa suka mallaki Crédit Mobilier a 1864, sannan suka ba shi kwangilar gina layin. Su ne masu ba da aiki, su ne 'yan kwangila, su ke yanka farashi. Riba ta tafi aljihunsu, bashi ya zauna a wuyan kamfanin jirgin. Tun da mil ake biya, Durant har lanƙwasa hanya ya yi a fitar Omaha don ta ƙara tsawo. Da jaridar New York Sun ta fasa ƙwai a Satumban 1872, sunan mataimakin shugaban ƙasa Schuyler Colfax ya fito, da na ɗan majalisa James Garfield. Majalisa ta tsawata wa Ames da wani ɗan majalisa James Brooks kawai a 1873. Garfield kuwa ya zama shugaban ƙasa a 1881. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Auwalu: Hajiya, na ji. Amma wa zai zuba dukiyarsa a dajin da ba gari ba kasuwa? Ames da ɗan'uwansa Oliver, masu masana'antar shebur, su suka sa kuɗinsu lokacin da aikin ya cije. Wanda ya ɗauki kasada ai dole ya ci riba.

Musa: Ƙanena, riba daban, yaudara daban. A banki nake aiki, kuma labarin Jay Cooke ne ke tsorata ni. Shi ya sayar da takardun bashin gwamnati lokacin yaƙin basasa, ya kai su har hannun talakawa ta tallan jarida, mutane suka amince da shi. A 1870 ya ɗauki nauyin nemo wa wani kamfanin layin dogo, Northern Pacific, kuɗi. Takardun bashin kamfanin suka ƙi sayuwa, sai ya riƙa tura kuɗin masu ajiya a cikin aikin. Ranar 18 ga Satumba 1873 bankinsa ya rufe ƙofa, kasuwar hannun jari ta New York ta yi kwana goma a rufe, ƙasar ta shiga matsin shekaru. To kasadar da kuɗin wa aka yi ta?

Malam Sani: Ga kuma James Hill. Ya kai layin Great Northern gaɓar yamma a 1893 ba da rancen gwamnati ba, kuma a shekarar ce Union Pacific da Northern Pacific suka durƙushe, nasa ya tsaya.

Auwalu: A nan ban yarda ba, Malam. Hill ya gaji filayen gwamnati daga tsohon kamfanin da ya saya a Minnesota, kuma ya zo bayan shekara 24, an riga an share masa fage. Ba a gwada na gaba da na baya.

Malam Sani: Wannan ka yi gaskiya, na karɓa. Abin da nake nunawa shi ne ana iya yi ba tare da sayen majalisa ba.

Hajiya Binta: Auwalu, kai ka ce muddin aikin ya tsaya. To duba yadda ya tsaya. A 1897 aka yi gwanjon Union Pacific, bankin Kuhn Loeb da Edward Harriman suka karɓe shi, sai a lokacin gwamnati ta ga kuɗinta. Harriman ya sake zuba miliyoyi yana miƙe lanƙwasa, yana sauya ƙarafa da gadoji. Sau biyu aka biya kuɗin layin nan.

Auwalu: Batun biya sau biyu ya shige ni. Amma Yaya Musa, har yanzu ba ka faɗa mini wane banki ne a 1865 zai ba da kuɗin nan da hannu mai tsabta ba.